Kififiyar teku da bikin Kirsimeti a Gabon

Gabon ƙasa ce da ke Afirka ta Tsakiya, kudu da Kamaru, a bakin tekun Atlantika. Ƙasa ce ta ruwan sama da kurmi. In aka raba ta kashi 100, wajen kashi 88 kurmi ne, mai dogayen itatuwa waɗanda ganyensu ke hana rana isa ƙasa. Babban birninta shi ne Libreville. An kafa birnin a shekarar 1849, aka zaunar da waɗansu bayi da aka ƙwato daga wani jirgin ruwa na masu cinikin bayi. Shi ya sa aka ba shi wannan suna, mai nufin birnin ƴanci. Akwai Hausawa a Libreville da waɗansu garuruwan Gabon. Waɗansu fatauci ne ya kai su, waɗansu kuwa can aka haife su.

Yawancin mutanen Gabon Kirista ne. Babban bikinsu na ƙarshen shekara shi ne Kirsimeti, wanda ake kira Noël da Faransanci. Ana yin sa ran 25 ga watan Disamba, domin tunawa da haihuwar Annabi Isa. A ranar yara suna sa sababbin tufafi. Ana zuwa coci, ana dafa abinci mai daɗi, ana ziyarar dangi, ana kai wa maƙwabta nasu kwano. Yaron da ya san Salla ba zai rasa gane Kirsimeti ba.

Biki abu ne mai kyau. Yana haɗa zumunta, yana sa gajiyar shekara ta sauka. Amma Hausawa sun ce Salla bikin rana ɗaya. Washegari kowa ya koma ga aikinsa. Abin da biki ya bari a baya kuwa yakan daɗe, kuma sau da yawa dabbobin daji da na ruwa ne ke shan wahalarsa. Saboda haka ya kamata kowane yaro, tun yana ƙaramin aji, ya koyi yin biki ba tare da ya cuci dabbobin ƙasarsa ba. Labarin kififiyar Gabon zai nuna dalili.

Baƙuwar dare

Kififiya ƴar'uwar kunkuru ce, sai dai cikin ruwa take zaune. Akwai ta kogi, akwai ta teku. Wadda ta fi duka girma ana kiranta tortue luth da Faransanci. Tsawonta yakan kusan mita 2, nauyinta kuma yakan kai kilo 300 zuwa 500, kamar na bajimin sa. Bayanta ba shi da tauri irin na kunkuru. Yana kama da baƙar fata mai kauri, da layuka bakwai daga wuya zuwa wutsiya. Tana iya nutsewa fiye da mita 1000 a ƙarƙashin ruwa. Masana sun liƙa wa waɗansu wata ƴar na'ura a baya domin su san inda suke zuwa. Sai suka ga akwai waɗanda suka tashi daga Gabon, suka ƙetare tekun Atlantika har kusa da gaɓar Amurka ta Kudu.

Duk tsawon tafiyarta, in lokacin yin ƙwai ya zo, dole macen ta fito bisa tudu. A Gabon lokacin yana kamawa daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, kuma ya fi ƙarfi a Disamba da Janairu. Wato lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara ke nan. A shekarar 2009 masana suka bayyana sakamakon wata ƙidaya da suka yi ta ƙasa da ta jirgin sama. Suka ce matan da ke yin ƙwai a gaɓar Gabon suna tsakanin dubu 15 da dubu 41, kuma babu wata ƙasa a duniya da irin wannan kififiya ke taruwa kamar nan.

Ba sai an yi nisa da Libreville ba kafin a gan ta. Birnin yana gefen wani babban ruwa, inda kogin Komo ke shiga teku. In aka ƙetare ruwan cikin ƙaramin jirgi, sai a isa Pointe-Denis da gandun dajin Pongara. Can mutanen birni ke zuwa hutu a ƙarshen mako da ranakun biki. Can kuma kififiya ke fitowa.

Da dare take fitowa, a hankali, tana jan jiki bisa rairayi. Sai ta haƙa rami mai zurfi da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen 80, ta rufe, ta koma teku. Bayan kamar kwana 10 ta sake dawowa ta yi wani rami. Ba ta kwanci kamar kaza. Zafin rairayi ne ke yi mata wannan aiki. Bayan wata biyu sai ƴaƴan su ƙyanƙyashe, kowane bai kai tafin hannun yaro ba. Da dare suke tono kansu waje, su kama gudu zuwa ruwa.

Hanyar gajera ce, amma tana da haɗari. Kaguwa na jira, tsuntsaye na jira, karnuka na jira, cikin ruwa kuma manyan kifaye na jira. Masana sun kimanta cewa cikin ƴaƴa 1000, wajen ɗaya ne kaɗai ke kai girma. In kowane rami yana da ƙwai 80, kuma duka suka ƙyanƙyashe, sai an yi rami 12 ko 13 kafin a samu kififiya babba guda ɗaya. Dabbar da ke cikin irin wannan wuya ba ta buƙatar mutum ya ƙara mata wata.

Leda da fitila

Abin baƙin ciki, bikin mutane yana ƙara mata wuya ta hanya biyu.

Ta farko ita ce leda. Abincin wannan kififiya wata halitta ce ta teku, mai taushi, fara-fara, wadda ake kira méduse da Faransanci. Tana yawo cikin ruwa kamar buɗaɗɗiyar laima. Ledar da ta faɗa teku ta cika da ruwa haka take kama. Kififiya ba ta iya bambanta su. Sai ta haɗiye leda, ledar ta toshe mata hanji, ta kasa cin abinci, yunwa ta kashe ta.

Daga ina ledar take fitowa? Daga hannun mutane. Lokacin biki saye yana ƙaruwa. Kowane ɗan abu da ledarsa: alewa, biskit, abin wasa, ruwan sanyi. Ga robobin lemo, ga balan-balan da ake hurawa domin ado. Wanda ya yar da leda cikin unguwa yana tsammanin ya rabu da ita. To, Libreville birni ne na ruwan sama mai yawa. Ruwa zai kwashe ledar zuwa lambatu, lambatu ya kai ta rafi, rafi ya kai ta teku. A shekarar 2010 gwamnatin Gabon ta hana shigowa da ledar da ba ta ruɓewa da sayar da ita. Doka ce mai kyau. Amma doka ba ta tsintar abin da aka riga aka yar. Sai hannu.

Hanya ta biyu ita ce haske. Ƴan kififiya ba su da uwa kusa da za ta nuna musu hanya. Haske suke bi. A gaɓar da babu fitila, wajen teku ne ya fi haske, domin ruwa yana maido da hasken wata da taurari. In aka kunna lantarki a bakin gaɓa, ko aka hura babbar wuta, ko aka yi ta haska cocila, sai ƴaƴan su rikice. Su juya wa teku baya, su nufi fitila. Gari ya waye suna cikin ciyawa, rana ta busar da su, ko tsuntsaye su tsince su. Uwar ma haske da hayaniya suna korar ta, ta koma ruwa ba ta yi ƙwai ba. Masu bincike sun ga wannan da idonsu a Pongara.

Maganin ba shi da tsada. A tafi kasuwa da kwando ko jakar yadi. A tara sharar biki a kai inda ake zubarwa. In an je hutu bakin teku, a dawo da duk abin da aka tafi da shi. Da dare a bar gaɓa cikin duhunta, a yi kiɗa da wasa nesa da rairayi. Mai son ganin kififiya ya bi ma'aikatan gandun daji, ya yi shiru, ya tsaya daga bayanta, kada ya taɓa ta.

Iccen ado

A ƙasashen Turai, lokacin Kirsimeti ana sa wani icce cikin ɗaki a yi masa ado. Sunansa sapin, iccen ƙasar sanyi ne. Ba ya cikin itatuwan kurmin Gabon. Saboda haka sai a sayo na roba, wanda aka ɗauko cikin jirgi daga nesa. Wani lokaci har a yayyafa masa auduga domin ta yi kama da ƙanƙara, alhali ƙanƙara ba ta sauka a Libreville. In iccen ya tsufa ya kakkarye, sai ya koma bola. Roba kuwa tana shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba.

Abin mamaki ne ƙasa mai wannan kurmi ta rasa iccen ado. A tambarin Gabon ma akwai icce, sunansa okoumé, tare da baƙaƙen damisoshi biyu. Ƙasar da ta sa icce a tambarinta ta san darajar icce.

Yara suna iya yi wa iccen da ke tsakar gida ado yana tsaye da ransa, ko mangwaro ne ko lemo. Suna iya yin adon da hannunsu, da tsohon kwali, da ƙyallayen da tela ya zubar, da ganyen kwakwa, da busassun ƴaƴan itace. Suna iya yanka kwali su fitar da siffar kififiya, ko aku, ko giwa, su shafa launi, su rataya. Mai son icce cikin ɗaki ya shuka ƙarami cikin tukunya, in biki ya wuce a dasa shi waje. Iyalin da suka riga suka sayi na roba, su adana shi da kyau, su yi ta amfani da shi kowace shekara. Jefar da shi domin sayen sabo shi ne ɓarna.

Tukunyar biki

Ba a biki sai da nama. A Gabon mutane da yawa suna son naman daji, kuma ranar biki kowa yana son ya ba baƙonsa abin da ya fi daɗi. Nan ma akwai abin lura. Dabbobi ba su haihuwa da sauri ɗaya. Kaza tana ƙyanƙyashe ƴan tsaki goma cikin kwana 21. Akuya tana haihuwa bayan wata 5, sau da yawa tagwaye. Amma ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo da ke dunƙulewa in ta ji tsoro, ɗa guda take haifa a shekara. Goggon biri sai ya yi wajen shekara 4 kafin ya sake haihuwa. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22. In aka yanka kaza, kafin wata shekara an samu madadinta. In aka kashe dabbar da ke haihuwa a hankali, gurbinta yakan daɗe bai cika ba.

Dokar Gabon ta hana kashe giwa da goggon biri da kififiyar teku, ta hana kwasar ƙwanta. A shekarar 2020 kuma aka hana sayar da naman ɗan kunya da na jemage da cin su. Ƙasar ba ta rasa abincin biki ba. Akwai kifi, akwai rogo da ayaba. Akwai wani sanannen girki da ake kira nyembwe, kaza ce cikin miyar kwakwar manja. Wanda ya ci wannan ranar Kirsimeti ba zai ce an rage masa biki ba.

Kyautar da ke cikin keji

Yara suna jiran Kirsimeti saboda kyauta. Wani lokaci kyautar tana da rai. Aku, tsuntsun nan mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda ke kwaikwayon maganar mutane, ɗan kurmin Gabon ne da maƙwabtanta. Kowa ya ji shi yana gaisuwa sai ya yi dariya. Amma kafin aku ya iso gida cikin keji, ya sha azaba. Masu kamu suna shafa danƙo a reshe, ko su kwashe ƴaƴan daga kogon icce. Su cusa su da yawa cikin ƙaramin akwati. Da yawa suna mutuwa a hanya.

A ƙasar Gana an yi ta kamu da sarar manyan itatuwa, har wani bincike da aka bayyana a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na akun ƙasar sun ƙare. A wannan shekara ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg, a Afirka ta Kudu, suka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Gabon tana cikin waɗanda suka kawo wannan shawara.

Haka abin yake ga kayan ado na hauren giwa. Tsakanin 2004 da 2014, gandun dajin Minkébé da ke arewacin Gabon ya rasa giwaye wajen dubu 25 a hannun masu farautar haure. A shekarar 2012 gwamnati ta tara hauren da aka ƙwace, kusan tan 5, ta ƙone shi a Libreville a gaban jama'a. An yi haka ne domin kowa ya san haure ba abin sayarwa ba ne.

Ciniki ba ya tafiya sai da mai saye. Yaron da ya ce ba ya son aku cikin keji, ya fi son ƙwallo ko littafi, ya rage wa mai kamu kasuwa. Aku cikin kurmi yana tashi cikin garke, yana neman ƴaƴan itace da ƴan'uwansa. Can ne gidansa.

Masu cewa ba aikin yara ba ne

Akwai masu cewa wannan magana ta fi ƙarfin yara. Suna cewa yaro ba ya kafa doka, ba ya riƙe da kuɗin cefane. Gaskiya ne. Amma wa ake aika kanti ya sayo sukari? Yaro. Wa ke karɓar ledar? Yaro. Wa ke gudu a bakin teku da cocila a hannu? Wa ke kuka sai an saya masa tsuntsu? Ba don tsawo akan ga wata ba. Yaro yana da hannu cikin ɓarnar, saboda haka yana da hannu cikin gyaran. Kuma abin da yaro ya koya a makaranta yakan kai shi gida. Uba yana iya ƙin jin jami'in gwamnati, amma in ƴarsa ta tambaye shi abin da leda ke yi wa kififiya, sai ya tsaya ya yi tunani.

Akwai masu cewa aikin gwamnati ne. Gwamnati tana da nata rabo, kuma Gabon ta yi ƙoƙari. A shekarar 2002 ta keɓe gandun daji 13, har da Pongara da Akanda da ke kusa da Libreville. A 2017 ta keɓe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tekunta. Akwai ma'aikata da ke sintiri a gaɓa lokacin ƙwai, suna ƙidaya ramuka, suna tsaron su. Amma ba za a sa ma'aikaci bayan kowane mutum ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma masu cewa talaka yana bukatar abinci, ba a hana shi naman daji. Wannan magana tana da nauyi. A ƙauyukan da ke cikin kurmi, inda kiwo ke da wuya, farauta ce ke ciyar da iyali, kuma giwaye sukan ɓata wa manoma gonaki. Wajibi ne a dubi halin waɗannan mutane, a taimake su. Amma mutumin birni da ke da kaza da kifi a kasuwa, ya ce sai naman dabbar da ta kusa ƙarewa, marmari ne ke damun sa. Marmari kuwa ana iya haƙura da shi.

Na ƙarshe su ne masu tsoron biki zai rasa daɗi. To, a tambayi kowane babba abin da yake tunawa daga bukukuwan ƙuruciyarsa. Zai ambaci kakarsa, da ƙanshin miya, da wasan da suka yi da abokai, da sabuwar riga. Da wuya ya ambaci leda.

Abin da makaranta za ta yi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makon ƙarshe kafin hutun Disamba lokaci ne mai kyau na wannan darasi, domin hankalin yara yana kan biki. Abu na farko shi ne sanin suna. Littattafan hotuna na Kirsimeti cike suke da wata barewar ƙasar ƙanƙara, wadda ke jan keken Père Noël. Yaro zai iya sanin ta sarai, alhali bai san kififiyar da ke ƙetaren ruwa ba. Mutum ba ya kula da abin da bai sani ba. Ya kamata ɗalibi ya san dabbobin ƙasarsa da sunansu, cikin harshen gida da Faransanci, ya san abin da suke ci da inda suke kwana.

Darasin yana shiga ko'ina. A lissafi, a ƙidaya ledojin da gida ɗaya ke karɓa cikin mako, a ninka da yawan gidajen ƴan aji. A zane, a zana dabbobin. A aikin hannu, a ɗinka jakar kasuwa da tsohon yadi. A rubutu, kowa ya tambayi kakansa dabbobin da ya gani yana yaro, ya rubuta. Bayan hutu kuma, aji ya fita da tsintsiya da kwando.

A gida kuma fa?

Nijar ba ta da teku, kuma yawancin yaran ƙasar Hausa ba su taɓa ganin kififiyar teku ba. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Washegarin Salla, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, a dubi tituna da rassan ƙaya. Baƙar leda ce ko'ina. Akuya da tunkiya da saniya suna cin ta, kamar yadda kififiya ke yi. Dabba ta rame ba a san ciwonta ba, sai mahauci ya feɗe ya tarar da dunƙulen leda cikin tumbi. Nijar ma ta kafa dokar hana irin wannan leda a shekarar 2014, amma aikin hannu yana nan yana jira.

Ranar Babbar Salla kuma ana ƙona itace mai yawa wajen gashin raguna. Itacen daga daji yake zuwa, kuma daji gidan waɗansu ne. A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Ganyen itace suke ci, kamar na gawo. In daji ya ƙare, abincinsu ya ƙare. Maƙwabtan da suka haɗa ragunansu a wuta ɗaya sun rage itace, kuma naman ya gasu daidai.

Dattawa sun ga jimina da mariri suna kiwo cikin dajin Nijar. Yaran yau sai dai a hoto ko wurin da ake tsare su. Raƙuman dawa ma sun kusa bin wannan hanya. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Sai aka hana farautarsu, mutanen ƙauyukan suka yarda su zauna tare da su. Kafin 2018 sun wuce 600. A wannan shekara aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji, a jihar Maraɗi, inda irinsu suka taɓa zama a da. Wannan ya nuna dabba tana iya farfaɗowa in aka tashi da wuri.

Kirsimeti ko Salla, biki ranar godiya ce da kyautatawa. Ana kyautata wa dangi, ana kyautata wa maƙwabci da baƙo da mabukaci. Dabbobin ƙasa su ma maƙwabta ne, sai dai ba su da bakin kai ƙara. Yaron da ya tafi kasuwa da kwando, ya kashe fitila a bakin gaɓa, ya ajiye danƙonsa ya bar tsuntsu ya wuce, ya ci bikinsa cikakke. In ya girma, ƴaƴansa za su tarar da abin da ya tarar.

Ma'anar kalmomi

Kurmi: daji mai dogayen itatuwa masu duhu, inda ruwan sama ke da yawa.
Gaɓa: bakin kogi ko bakin teku.
Gandun daji: dajin da gwamnati ta keɓe, ta hana farauta da sarar itace a cikinsa.
Kimantawa: faɗin yawan abu bisa lissafi, ba tare da an ƙidaya ɗaya bayan ɗaya ba.
Marmari: son cin wani abu domin daɗinsa, ba domin yunwa ba.

Tambayoyi

1. A waɗanne watanni kififiya ke yin ƙwai a gaɓar Gabon? Wane biki ne ke faɗowa cikin wannan lokaci?
2. Me ya sa kififiya ke haɗiye leda?
3. Me ke faruwa da ƴan kififiya in aka kunna fitila a bakin gaɓa?
4. Me ya sa yanka kaza da kashe ɗan kunya ba ɗaya ba ne?
5. Kififiya ɗaya ta yi rami 5, kowane da ƙwai 80. Ƙwai nawa ta yi duka?
6. Raƙuman dawa nawa suka rage a Nijar a 1996? Me ya sa suka ƙaru?

Aiki

Kowane ɗalibi ya rubuta sunan dabbobin daji biyar na yankinsu, da Hausa da Faransanci. Ya zana ɗaya daga cikinsu. A ƙarƙashin zanen ya rubuta abu ɗaya da zai yi domin ita ranar biki mai zuwa.